Ƙadangaren Dudunni Ya Kai Ni Maraɗi

Tafiyar nan ta Maraɗi ta wahalar da ni, har yau bayana bai koma daidai ba. Na fara da haka ne saboda masu tare ni a tashar Kusada suna cewa, "Lawal mai famfo, an ci ƙasar waje." Ban ci komai ba. Kwana biyu na yi can, yawanci a kan benci. Tunda tambayar ta ƙi ƙarewa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa mashi takarda. Aji huɗu na yi a firamare, wanda ya ga kuskure shi gyara da kanshi.

Mafarin abin burtsatsen Dudunni ne, mai aiki da hasken rana, wanda ni ke kula da shi. Ruwan ramin ba ya da yawa. In famfo ya yi ta ja ba hutu, ruwan ya ƙare, famfo ya sha iska ya ƙone. Na san haka don na taɓa ƙona ɗaya a Rimaye, kuma har yau in na bi ta garin ba na tsayawa shan ruwa. Shi ya sa aka sa wani akwati a ɗakin famfon, wata 'yar kwamfuta ce a ciki. Ita ke kunna famfo minti ashirin, ta kashe shi ya huta minti goma, ta raba ruwa tsakanin tankin gari da kwamin shanu.

Ranar wata Asabar, a tsakiyar bazara, ƙadangare ya shiga akwatin. Shi ya mutu, akwatin ya mutu.

Lahadi aka taru a ƙofar mai gari. Mutane suna iya lallaɓawa da tsohuwar rijiya da guga, amma ba ta isar shanu. Ardo Buba, shugaban Fulanin wajen, ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Tabki ya zama taɓo. Zuwa Juma'a ba abin da saniya za ta lasa. In kwami bai kawo ba, fadama za mu sauka."

Hanyar fadama ta tsakiyar lambunan albasa ta bi. Ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Wani ya ce in haɗa wa famfon waya kai tsaye mana. Na ce wanda ke son haka shi zo shi haɗa da hannunshi, in ya so shi ma shi daina shan ruwa a garinsu. Mai gari ya dube ni. Sai na ji bakina ya ce, "Ranka shi daɗe, Juma'a ruwa zai zo." Ba wanda ya tilasta ni.

Litinin na tafi Kankia wurin Malama Rabi. Ita ke koyar da kwamfuta a wata sakandare, 'yar gidan malamai ce, kuma ita ta rubuta umarnin da akwatin ke bi, abin da take ce ma firogiram. Na iske kwananta tara da haihuwa. Ta bayan labule muka yi magana, uwarta na zaune a bakin ƙofa tana harara ta.

Ta ce irin akwatinmu ya ƙare a kasuwa, ta sa an duba har Kano. Amma akwai wani Isuhu a Maraɗi da ke da na wani kamfani daban.

Na ce, "To a sayo a zuba mashi rubutunki."

"Kawu, ba haka ake zubawa ba. Akwati ba ya karanta rubutun mutum. Akwai wani inji cikin kwamfuta da ke juya rubutun ya zama abin da akwati ke ganewa. Shi ake ce ma kompayil."

"Niƙa kenan."

"To, niƙa. Kuma kowane irin akwati da injin niƙanshi, na wannan yana shagon Isuhu."

Sai ta ƙara mani da abin da ya zama wahalata. Ta ce rubutun kashi biyu ne. Mafi yawanshi daga rumbun kowa da kowa ta ɗebo, wato lissafi da ƙirge da ajiye rahoto, waɗanda duk akwatin duniya ya sani. Amma akwai 'yan wurare, kamar kunna makunni, da duba ko tanki ya cika, da jira, waɗanda kowane kamfani da irin nashi. Ta ce, "Ni kuma na cakuɗa su wuri ɗaya, don ban yi zaton akwatin zai mutu ba."

Na ce, "Ba ki yi shawara da ƙadangare ba."

Uwar ta ce in na gama in tafi, mai jego ba ta dariya da ƙarfi.

Dole a gwada a shagon, don in kaya ya ƙetare iyaka ba a mayarwa. Ita ba ta iya zuwa. Ta ce tana iya tura rubutun ta waya, na ce ni ban yarda da abin da ban riƙe ba. Ta sa shi a filash, ɗan abu kamar ƙwayar dabino, uwar ta ɗinke shi a ƙyalle ta sa zare, na rataya a wuya.

Talata da sassafe na kama hanya. Daga Kankia zuwa Katsina lafiya lau, in ka cire mutumin da ya ɗora mani batirin sola a gwiwa ya ce minti biyu, ya karɓa a Katsina. Daga Katsina zuwa Jibiya an tsayar da mu har na daina mayar da katin shaidata aljihu.

A iyaka wani mai kaki na ɓangarensu ya ga zaren a wuyana.

"Alhaji, laya ce?"

"Filash ne."

"Mi ke ciki?"

Na yi tunanin niƙa da rumbun kowa da kowa, na ga ba zan iya maimaitawa ba. Na ce, "Ruwa."

Ya dube ni, ya kira abokin aikinshi shi ma ya dube ni. Sai da na ba su labarin ƙadangare tun daga farko. Na biyun ya ce su ma a garinsu ɓera ya taɓa cinye masu waya. Suka ce in wuce, Allah shi ba da ruwa.

Da muka wuce Ɗan Isa wayata ta mutu da ranta, ba layi. Motar da ta kai mu Maraɗi da igiya ake riƙe ƙofarta, kuma duk wanda ya zauna a bakin ƙofa shi ne mai riƙon igiya. Ni na zauna a bakin ƙofa.

Masu tambaya ko can ƙasar waje ce: Hausa suke yi irin tamu, wani lokaci ma ka rantse mutumin Kusada ne ke magana, sai ka ji ya jefo Faransanci a tsakiya kamar tsakuwa a shinkafa. Ɗan acaba kabu-kabu suke ce mashi, amma gudun ɗaya ne. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma kusan taurinsu ɗaya. Dambunsu da zogale kuwa ya fi namu, na faɗa, wanda zai ji haushi shi ji. Shayi sau uku ake zubawa, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya. Na tashi bayan na farko. Sai da aka dawo da ni.

Isuhu mutum ne siriri mai tabarau, zai yi shekara arba'in. Na isa ya kusa rufe shago, ya ce sai gobe. Ya sauke ni a zauren gidanshi, ya ba ni tabarma da buta. Akwai rago ɗaure a zauren. Ya riga ni zama a wurin, kuma ya nuna mani haka.

Laraba da safe, kafin Isuhu ya buɗe shago, na je sayen soket, don akwai mahaɗar bututu ɗaya da ke yoyo a Dudunni. Na ce wa mai kayan, "Ba ni na ɗaya."

Ya ce, "Ɗaya na mi?"

"Inci ɗaya mana."

"Nan ba mu san inci ba, Alhaji. Da milimita muke awo. Talatin da biyu kake so."

Na ce me zan yi da talatin da biyu, kogi zan ja? Ya ɗauko ya ba ni. Na zura babban yatsana, na ji shi ne. Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, sai da na zo Maraɗi aka koya mani sunan bututu. Na saya na fito ban yi mashi sallama ba.

A shago Isuhu ya fito da sabon akwatin, bai fi tafin hannuna ba. Ya farke ɗinkin, ya sa filash a kwamfutarshi, ya kunna injin niƙa. Fuskar kwamfutar ta cika da jan rubutu.

Ya ce, "Bai san su ba."

"Su wa?"

"Na wancan kamfanin. Ka ga na kowa da kowa duk sun wuce, bai ce masu komai ba. Waɗanga goma sha ɗaya ne ya ce bai taɓa jin sunansu ba."

Muka kira Malama da wayarshi. Aikin shi ne a bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, a cire na tsohon kamfani a sa takwaranshi na sabo. Ita sunan abubuwan da Turanci ta san su, shi da Faransanci. In suka cije sai kowa ya faɗa mani da Hausa, ni kuma in faɗa wa ɗayan da Hausa. Wannan shi ne aikina har hantsi ya wuce: ina yi wa Bahaushe da Bahaushiya tafinta. Can bayanta jariri na kuka, uwarta na cewa ruwan wanka na hucewa.

Jan rubutu ya yi ta raguwa. Goma sha ɗaya, bakwai, uku. Na ƙarshe shi ne na jira. Isuhu ya ce nasu ma suna da shi, sunan ma kusan ɗaya ne. Ya canza. Injin ya niƙa tas, ba ja ko ɗaya. Malama ta ce alhamdulillahi, Isuhu ya cire tabarau ya goge.

Ya zuba wa akwatin, ya haɗa ƙwan lantarki a inda famfo zai shiga. Malama ta ce in an kunna zai jira daƙiƙa biyar, wuta ta daidaita, sannan ƙwan ya kama. Ya kunna. Na dubi agogon bango don ina tunanin abinci, sha biyu da minti goma. Muka ƙirga biyar. Muka ƙirga hamsin. Ba komai.

Nan aka fara. Malama ta ce, "Malam Isuhu, rubutun ya wuce ba ƙorafi, ka gani da idonka. Akwatin naka ne."

Ya ce, "Hajiya, akwatina sabo ne hul cikin leda. Injin niƙa ba ruwanshi da ko dawarki ta yi ƙwari, shi dai shi niƙa."

"Shekara uku rubutun nan na ba Dudunni ruwa!"

"A akwatin da ƙadangare ya gama da shi."

Kati ya ƙare a wayar, shi ya raba su.

Sai ga wata al'adarsu. Da rana ta take, garin nan rufewa yake. Kowa ya tafi gida ya ci ya kwanta, sai wajen ƙarfe uku. Mu a Kusada in ka rufe shago da rana sai a zo gaisuwa. Isuhu ya ce mu je gida. Na tuna ragon na ce zan zauna. Ya bar mani fanka da benci, ya bar akwatin a kunne don ya manta da shi.

Na zauna ina duban ƙwan da bai kama ba, ina lissafin abin da zan ce wa Ardo. Ban samu ba. Na fara gyangyaɗi. Sai na ji ƙas, na buɗe ido, ƙwan na ci. Agogo ya ce ɗaya da minti talatin da uku. Ba wanda ya taɓa komai, ni kaɗai ne a shagon, ni kuma ban iya taɓawa ba.

Na jira ya mutu bayan minti ashirin kamar yadda famfo ke hutawa. Bai mutu ba. Na yi azahar a ƙofar shago na dawo, yana ci. Isuhu ya dawo ƙarfe uku, yana ci.

Ya ɗaga hannu sama. "Ka gani! Ya tashi! Sabon kaya ne, sai ya ɗan yi nauyin jiki. Ɗauki ka tahi, Alhaji, ka samu motar la'asar, gobe war haka shanu na sha."

Gaskiya na miƙe. Bayana na ciwo, na gaji da garin, ga Juma'a na matsowa. Har na kai hannu kan akwatin. Sai warin famfon Rimaye ya dawo mani a hanci, warin roba da tagulla. Na koma na zauna.

Na ce, "Awa ɗaya da rabi kenan yana ci. Da famfo ne, da yanzu ana jana'iza. Kashe ka sake kunnawa."

Ya ce ɓata lokaci ne. Na ce lokacina ne. Ya kashe ya kunna, uku da minti goma. Ya shiga harkarshi da masu saye, ni na tsare ƙwan. Wata mata ta tambaye shi ko baƙon nan lafiya yake. Na yi la'asar a gurguje na dawo. Ƙas. Huɗu da minti talatin da uku.

Na ce, "Isuhu, awa ɗaya da minti ashirin da uku. Ɗazu ma haka. Abin da ya lalace ba ya cika alkawari haka. Abin nan lafiyarshi lau, jira yake."

Muka sa kati muka kira. Na karɓi wayar da kaina.

"Malama, a inda kika ce mashi shi jira, me kika rubuta?"

"Jira dubu biyar, Kawu. Daƙiƙa biyar kenan."

Soket ɗin safe na aljihuna yana tokare mani cinya. Na ce, "Dubu biyar na me?"

Sai na ji ta ce, "Innalillahi." Ta ce a ba Isuhu. Ya buɗe takardar kamfanin a kwamfuta ya bi da yatsa, sai shi ma ya gano inda matsalar take.

Ga abin da ya faru. Jiran tsohon akwati yana yanka daƙiƙa ɗaya gida dubu, da waɗannan gutsattsarin yake ƙirge, shi ya sa dubu biyar ta zama daƙiƙa biyar. Jiran sabon kuwa da cikakkiyar daƙiƙa yake ƙirge. An ce mashi dubu biyar, ya zauna ya ƙirga dubu biyar, bai rage ko ɗaya ba. Injin niƙa bai yi ƙorafi ba don shi suna yake dubawa da lamba, ga suna ga lamba, ba ya tambayar na mene ne.

Isuhu ya ɗauko kalkuleta. Minti ashirin ɗin aikin famfo, a ƙirgen sabon akwati, kwana goma sha huɗu ne saura kaɗan. Hutun minti goma kuma mako guda. Ya ajiye kalkuletar ya sa aka kawo shayi. Wannan karon na sha ukun.

Malama ta ce ba za ta sake cakuɗawa ba. Ta sa Isuhu ya kwashe duk na kamfani ya kai su shafi guda daban, na kowa da kowa ya zauna shi kaɗai. Tsakaninsu ta rubuta nata jiran, wanda ake gaya ma daƙiƙa sak, shi kuma ya juya wa kowane akwati da irin awonshi. Ta ce ko gobe aka canza akwati, shafin nan ɗaya za a taɓa.

Na ce, "Soket mai baki biyu kenan, ɗaya inci ɗaya milimita."

Ta ce, "Kawu, da ka yi sakandare da mun shiga uku."

Na ce da na yi sakandare da ba ni ke kwana da rago ba.

Motar la'asar ta daɗe da tafiya. Bayan magariba aka sake niƙawa. Ƙwan ya kama a daƙiƙa biyar, ya ci minti ashirin, ya huta goma. Na sa aka bar shi ya zagayo sau biyu ina kallo, Isuhu na tsaye da kwaɗon shago a hannu. Na koma zaure. Ragon ya ci gefen tabarmar.

Alhamis na juyo. Mai kakin nan ya gane ni, ya ce, "Alhaji, ina ruwan?" Na nuna mashi akwatin. Ya ce ƙarami ne. Na ce haka ake yinsu yanzu. Na tsaya Kankia na miƙa wa Malama tsarabar burodin nan dogo, wanda ya shiga mota yana guda ɗaya ya fito kashi uku. Uwar ta karɓa ta ƙwanƙwasa shi a bango ta ce an gode.

Washegari da safe, Juma'a, na hau acaba zuwa Dudunni. Na iske Ardo ya riga ni, shanunshi na tsaye a bakin hanyar fadama. Masu lambu ma sun fito da fartanya, wai cirar ciyawa suke, a wurin da ba ciyawa. Na ɗaura akwatin, na canza soket, muka jira rana ta hau kan faifan sola. Da hantsi ya yi na kunna, na ƙirga a fili. A biyar famfo ya yi gurnani, bututu ya yi tari, ruwa ya faɗa kwami.

Shanun ba su jira umarnin kowa ba, suka juyo. Masu lambu suka saɓa fartanya ɗaya bayan ɗaya. Ardo ya leƙo ɗakin famfo ya daɗe yana duban akwatin.

Ya ce, "Wannan ɗan abin ka je har Maraɗi?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "To."

Na tsaya da agogo a hannu har minti ashirin suka cika famfo ya yi shiru da kanshi. Sannan na kwaɓa siminti na toshe ramin da ƙadangaren ya bi.